Sukarin da ke zurarewa a hanya: kundin aikin gyara ɗibar jini a asibitinmu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau muka fara aikin da muka daɗe muna maganarsa a ɗakin gwaje-gwaje, wato bin sawun kwalbar jinin gwajin sukari tun daga fitar allura daga jijiya har zuwa rubuta sakamako a takarda. Injinmu lafiyarsa lau. Kullum da safe sai mun gwada shi da ruwan ma'aunin da kamfani ke haɗowa kafin mu sa jinin kowa, kuma abin da ya kamata ya faɗa shi yake faɗa. Ɓarnar tana faruwa ne kafin jini ya iso hannunmu: a kan teburin nas, a tiren masinja, a jakar ɗan acaɓan da ke kawo mana jini daga ƙananan asibitocin ƙauye.

Jinin da aka ɗiba bai mutu ba. Jajayen ƙwayoyi da farare suna nan da ransu a cikin kwalba, kuma jajayen nan ba su da wani abinci sai sukarin da ke cikin ruwan jinin. Haka za su yi ta cin sa suna mayar da shi tsami, kamar ƙullun koko da aka bari ya kwana. A ɗaki mai matsakaicin zafi, jinin da ba a raba ƙwayoyinsa da ruwansa ba yana asarar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na sukarinsa a kowace awa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar gane ciwon sukari a 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, ga wanda ya kwana bai ci komai ba. To ka ɗauki dattijon da nasa yake 7.4 a lokacin da aka ɗiba. In kwalbar ta yi awa ɗaya a ajiye, ya sauko bakin 7.0. In ta yi awa biyu, ya koma wajen 6.5. Sai mu buga hatimi a kan 6.5, likita ya ce masa, "Baba, a dai rage zaƙi," ya koma gida da ciwonsa ba magani. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu, amma takardar ba halin jikinsa ta faɗa ba. Abin da ya fi damuna kuma, kuskuren jinkiri hanya ɗaya yake bi, ƙasa. Da yau sama yake yi gobe ƙasa, da tuni likitoci sun dawo mana da takardunmu. Shi kuwa sakamako mai daɗin ji ba mai komowa ya yi ƙorafi a kansa.

Mun yanke ba za mu taɓa komai ba tukuna. Kallo za mu fara yi muna rubutawa.

Laraba, 22 ga Janairu

Takardun neman gwaji duk suna ɗauke da kwanan wata, amma da wuya ka ga wadda aka rubuta ƙarfe nawa aka ɗebi jinin. Gurbin yana nan a fom, ba a dai cika shi. In kuwa ba ka san lokacin ɗiba ba, ba yadda za ka san tsawon zaman da jinin ya yi.

A sashen masu zuwa su koma gida, ana fara ɗiba da sassafe, a yi ta jera kwalabe a tire har layi ya ƙare, sannan masinja ya kwaso su gaba ɗaya. Wanda ya yi sammako ya kama farkon layi, jininsa ne ya fi na kowa daɗewa. Ba na ganin laifin masinja. Mutum ɗaya ne ga sassa da yawa, ga ɗauko fayil, ga kai takarda ofis. Na ƙauye kuwa sai bayan azahar suke isowa, a ƙulle a leda, sun sha ranar hanya.

Sai rikicin murfi. A kwalaben nan masu zuƙar jini da kansu, ta sukari murfinta ruwan toka ne. Amma akwai kamfanonin da rawaya suke sa wa tasu mai fuloraid, wato maganin hana ƙwayoyi cin sukari, alhali a wancan tsarin mai rawayan murfi ita ce mai jel a gindi, wadda ba ta da maganin hana cin sukari ko kaɗan. Abin da aka samu a kasuwa shi ake sayowa, yau wannan gobe wancan. Mun manna takarda a bangon kowane wurin ɗiba cewa a karanta rubutun jikin kwalba, kada a bi launin murfi.

Talata, 4 ga Fabrairu

"Ai a mai ruwan toka na sa." Amsar da nake samu ke nan duk inda na ta da maganar jinkiri, kuma da zuciya ɗaya ake faɗin ta, don haka aka koya wa kowa a makaranta: fuloraid yana tsayar da cin sukari. Yana tsayarwa, amma ba nan take ba.

Cin sukari a cikin ƙwaya matakai goma ne a jere, kowanne da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke tafiyar da shi. Fuloraid na tara yake tarewa, wanda ake kira enoles, can kusa da ƙarshe. Na farkon, hekzokaines, wanda shi ne yake cafke sukari ya ɗaura masa fosfet, bai ma san ana yi ba. Ci gaba yake yi da aikinsa har sai ƙarfin da yake aiki da shi ya ƙare, kuma duk sukarin da ya cafke ya fita daga lissafin injinmu. Shi ya sa a awa ta farko zuwa ta biyu, kwalbar fuloraid da wadda ba ta da shi kusan tare suke sauka. Sai wajen awa huɗu abin yake tsayawa cak, daga nan lambar ta zauna har kwana uku. Wato abin da ya rage fuloraid yake karewa, wanda ya tafi da fari ya riga ya tafi.

Tun a 2011 jagorar da ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka ta fitar tare da masanan gwaje-gwaje ta faɗi wannan ƙarara: kada a dogara da fuloraid shi kaɗai, a tsoma kwalba a ruwan ƙanƙara da zarar an ɗiba, a raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa cikin minti 30.

Don kada ta zama maganar baki, wasu daga cikinmu suka miƙa hannu aka ɗebi nasu jinin. Na kowa muka raba shi uku. Ɗaya muka juya nan take a injin da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, muka auna. Ɗaya muka zuba a kwalbar fuloraid muka bar ta a kan tebur yadda ake yi kullum. Ta ukun, ita ma mai fuloraid, muka tsoma ta a ruwan ƙanƙara. Da hantsi ya dubi ludayi muka juya sauran muka auna. A jinin kowa, ta kan tebur ta sauka, ta cikin ƙanƙara kuwa tana dab da ta farko. Na kira nas-nas biyu da ke kan aiki suka gani da idonsu, don na san abin da mutum ya gani ya fi zama masa fiye da abin da aka karanta masa.

Tun da an taru, muka bi ta kan ƙananan abubuwan da ake rainawa. A cika kwalba zuwa layin da aka zana. In jini ya yi kaɗan, maganin ya fi ƙarfinsa, ya farfasa jajayen ƙwayoyi, ruwan jinin ya fito jajir. A kifa ta a ɗago a hankali sau takwas zuwa goma don garin da ke gindi ya narke, ba a girgiza ta ba. Robar ɗaure hannu kada ta wuce minti ɗaya. In kwalabe da yawa za a cika, mai fuloraid ce ta ƙarshe, don akwai sodiyam da fotashiyam a maganinta, ɗan abin da ya maƙale a bakin allura ya isa ya ɓata gwajin ƙoda.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Sashen masu awo ne ya fi ci mini rai a duk aikin nan.

Mace mai ciki, tsakanin mako 24 da 28, za ta zo da safe ba ta karya ba. A ɗebi jininta, a narka mata giram 75 na gulukos a kofin ruwa ta shanye cikin minti biyar, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, a sake bayan awa biyu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 shi ne 5.1 kafin sha, 10.0 bayan awa ɗaya, 8.5 bayan awa biyu. Ko ɗaya ne daga cikin ukun ya kai, an samu ciwon sukarin masu ciki.

Yadda aka saba a nan, a ajiye kwalbar farko ta jira ta biyu da ta uku, a ɗaure su da roba a kawo tare don kada na wata ya cakuɗe da na wata. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ta farkon, wadda iyakarta ta fi kowacce matsewa, ita ce take yin awa biyu cur a kan tebur kafin ma masinja ya taso. Matar da nata yake 5.4, awa ɗaya ta isa ta mayar da shi ƙasa da 5.1, a ce mata lafiya lau. Bayan wata biyu ko uku kuma ga jariri ya yi girman da ya wuce ƙima, naƙuda ta yi tsanani, kafaɗa ta maƙale, ko a haife shi sukarinsa ya faɗi a awannin farko ba wanda ya shirya masa.

Ita 5.1 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba. Daga babban binciken nan ne mai suna HAPO da aka buga a 2008, wanda ya bi mata fiye da 23,000 a ƙasashe 9, kuma su a ƙanƙara suke sa jinin su raba shi da wuri. Ba zai yiwu mu karɓi lambarsu mu bar yadda suke riƙe jini ba. A Kanbera ta Ostareliya an ga zahiri. Da suka daina tara kwalabe suka koma juya kowacce cikin minti goma da ɗiba, matan da ake samu da ciwon suka tashi daga kashi 11.6 zuwa 20.6 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2020. Ba abincin matan ne ya sauya ba, ba injin ba ne, riƙon kwalba ne kawai.

Na kai wa Matiron maganar. Ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna mini benci ta ce, "Malam, dubi matan nan, mu biyu ne a kansu. Wa zai riƙa yi muku tseren kwalba ɗaya-ɗaya?" Gaskiyarta. Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ku za ku yi tseren ba, mu za mu zo." Muka tsaya a kan cewa ranar awo ɗaya daga cikin ɗalibanmu zai zauna a sashensu da kula mai ƙanƙara, ya riƙa kawo kowace kwalba kafin rabin awa ta cika.

Ita ma kular da ƙa'idarta. Ƙanƙara ce fasassa a cikin ruwa, kwalba ta nutse har wuya. In aka jingina ta da dunƙulen ƙanƙara busasshe, gefe ɗaya ya daskare ya fashe ƙwayoyi, ɗaya gefen bai yi sanyi ba. Ranar farko muka ga takardar suna tana jiƙewa tana saɓulewa, har wata ta fara yawo a saman ruwa. Yanzu da maka marar gogewa ake rubuta lamba a jikin kwalba, sannan a sa ta a 'yar siririyar leda kafin a tsoma. Mun kuma duba gwangwanin gulukos ɗin da ake aunawa. In mai ɗauke da ruwa a jikinsa ne, giram 82.5 ne yake daidai da 75 na busasshen.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar, ya zo mana da abin da takardar bango ba ta tanada ba. Mutum ya yi sahur da asuba, tuwo ko shinkafa da shayi mai kauri, ya iso ƙarfe takwas, a tambaye shi ko ya ci wani abu ya ce, "Azumi nake." Bai yi ƙarya ba, amma awa uku ke nan da cikinsa ya cika, gwajin kuwa aƙalla awa takwas yake so. Mun sauya tambayar. Yanzu cewa ake, "Ƙarfe nawa ka sa wani abu a baki na ƙarshe?" a rubuta amsar a fom.

Tambayar nan za ta ci gaba da aiki ko bayan Sallah. Kafin azumi na tsaya kusa da wani dattijo ana shirin ɗibar jininsa, aka ce, "Baba, ka karya?" ya ce a'a. Na lura da jan bakinsa na ce, "Baba, goro fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai goro ba abinci ba ne, ɗan ɓari na ɓantara a hanya." Haka wata za ta ce ba ta ci komai ba, ɗan koko ne kawai ta kurɓa don ta sha magani. Ruwa zalla ne kaɗai aka yarda da shi.

Wasu sun kawo shawarar a riƙa zuwa da la'asar, tun da a lokacin awa takwas sun cika har da ɗori. Ban goyi baya ba. Iyakar 7.0 a kan jinin safiya aka gina ta, bayan an kwana ba ci, kuma sukarin yamma yakan gaza na safe, sai mu sake faɗawa ramin da muke ƙoƙarin fita. Wanda ba gaggawa a kansa ya bari sai bayan Sallah. Wanda ke fama da yawan fitsari da ƙishirwa da rama ba ya jira, a ɗiba duk lokacin da ya zo. In ya kai 11.1 tare da waɗannan alamu, magana ta ƙare.

Masu ciwon da suka riga suka san kansu kuma muna tuna musu abin da jagorar azumi ta ƙungiyar ciwon sukari ta duniya, wadda aka sabunta a 2021, ta ƙunsa: tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma in lamba ta gaza 3.9 ko ta haura 16.6, a sha ruwa.

Litinin, 24 ga Maris

Kuskuren yau kam sama ya kai lamba, ba ƙasa ba. Jini ya zo daga ɗakin kwanciya na mata da sukarin da bai yi kama da bayanin da ke kan fom ba. Kafin mu saki sakamako abokiyar aikina ta taka ta je ta duba, ta tarar da ƙarin ruwa mai sukari yana tafiya a hannun da aka ɗiba. Ruwan nan mai kashi 5 cikin 100 yana ɗauke da 5,000 mg/dL, kusan 278 mmol/L. Kashi ɗaya cikin ɗari in ya shiga jinin kwalba, ya ƙara kusan 2.8. Da takardar ta fita, insulin za a yi wa matar da ba ta buƙatarsa. Aka sake ɗiba a ɗaya hannun, sukarinta daidai. An ƙara layi a takardar bango: hannun da ke da ƙarin ruwa ba a ɗibar jini a cikinsa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Zafi ya sauka da gaske, da rana ana haura digiri 40. Lissafin kashi 5 zuwa 7 ɗin nan na ɗakin da bai wuce digiri 25 ba ne. A zafin bazara ƙwayoyin sun fi haka ci.

A cikin asibiti kula tana riƙewa, in dai an sami wuta da dare firji ya daskarar. In an ɗauke, wurin masu sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa muke aikawa da sassafe. Ƙauye ne ƙanƙara ba ta iya wa ba. Kafin ɗan acaɓa ya zaga asibiti na biyu ta zama ruwan ɗumi, kuma ko da ta riƙe, rabin awa ta wuce tun bai ta da babur ba. Dole a raba jinin a inda aka ɗebe shi. Ruwan jinin da aka tsame daga kan ƙwayoyi yana riƙe sukarinsa awa 8 a digiri 25, kwana uku a firji, don masu cin sa ba sa ciki.

Akwai wani ƙaramin injin juya jini da ya daɗe a sito, mai gyara ya sauya masa gawayi ya tashi. Mun kai shi asibitin ƙauyen da ya fi aiko mana jini, inda suke da sola. Na nuna wa ma'aikacin wurin yadda ake daidaita nauyi, kwalba tana fuskantar kwalba, in guda ce a cika wata da ruwa a sa ta a ɗaya gefen. Minti goma, a bar shi ya tsaya da kansa, sannan a zuƙe ruwan saman a hankali ba tare da an taɓa farin layin da ke kwance a kan jan ba, a juye a kwalbar da ba komai cikinta, a rubuta lamba da lokaci. Ya kama da wuri, hannunsa ba ya rawa. Ya tambaya ko zai iya ajiyewa a firjin rigakafi, na ce a'a, wannan firjin na allurar yara ne kawai.

Wani abu kuma ya ɓullo. Ganin kula ta zo, sai aka fara tsoma kowace kwalba a ciki, har da ta gwajin ƙoda. Sanyi yana sa fotashiyam ya tsiyayo daga cikin jajayen ƙwayoyi zuwa ruwan jini, sai lamba ta hau a ɗauka ƙoda ce ta taɓu. An rubuta a murfin kula da manyan baƙaƙe: ta sukari kawai.

Talata, 29 ga Afrilu

Makon nan a ɗakin yara na yi shi, inda ƙaramin injin nan na tsira yatsa ya fi aiki. A nan jinkiri wata ɓarnar yake yi daban. Iyakar faɗuwar sukari a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani 2.2 ce, a yaro mai tamowa mai tsanani kuma 3.0. Jinin jariri sabon haihuwa cike yake da jajayen ƙwayoyi, na yaron da ƙwayar cuta ta shiga jininsa kuma da farare, duka biyun sun fi na babba saurin cinye sukari a kwalba. In ya daɗe, lambar da za mu aika ta fi gaskiya ƙasa. Na gaya wa likitan yara, yaron da ya sume ko yake jijjiga ba a jiran takardarmu, a tsira yatsa a ba shi sukari, namu ya biyo baya don tabbatarwa.

Shi ma ƙaramin injin ba a sakin jiki da shi. A yaron da jininsa ya yi ƙasa sosai, yawancin injinan nan sama da gaskiya suke faɗa, wato suna iya ɓoye faɗuwar sukari a daidai yaron da ya fi shiga haɗari. Tsinken gwajin kuma ba ya son zafi da laima. Na tarar da gwangwani a buɗe a bakin taga, muka zubar da abin da ke ciki. Ga shi lokacin mangwaro ne. Yatsan da ya riƙe mangwaro ko dabino, goga sifirit ba ya fitar da zaƙin, sai an wanke da ruwa da sabulu an bushe. Wani injin mg/dL yake faɗa, wani mmol/L, mun manna wa kowanne takarda cewa a raba mg/dL da 18 a sami mmol/L.

Wani likita ya tambaye ni me zai hana mu koma gwajin HbA1c, mai auna sukarin da ya maƙale wa jajayen ƙwayoyi, mu huta, tun da shi ba ruwansa da karin kumallo ko zaman kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2011 da iyakar kashi 6.5, kuma yana da amfani. Amma a kan rayuwar jar ƙwaya ya dogara, wadda takan kai kwana 120. Ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Haka wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, da mai ƙarancin jini, lambarsu ba abin dogaro ba ce, ba kuma da shi ake gano sukarin masu ciki ba. Waɗannan kuwa su ne rabin bencinmu.

Talata, 20 ga Mayu

Akwai kwalbar da ta warware matsalar fuloraid, ita muke nema yanzu. A Japan aka fara ta a ƙarshen shekarun 1980. Ban da fuloraid, an ƙara mata sitiret mai tsami, wanda da zarar ya gauraya da jini yake tsayar da enzayim ɗin farko-farko nan take, ba sai an jira awa huɗu ba. A cikin kamfanonin kwalba, Terumo ta yi irinta, Sarstedt tana da GlucoEXACT, Greiner tana da FC Mix. Da aka sabunta jagorar Amurka a 2023, ita aka sa a gaba, ƙanƙara ta koma ta wanda bai same ta ba.

Sai an kula da ita. Ta Sarstedt maganinta ruwa ne, yana tsarma jinin, dole a ninka sakamako da 1.16, kuma in ba a cika ta zuwa layi ba lissafin ya rushe. Mai gari a ciki kuma sai an kifa ta sosai ya narke.

Daga waje ake shigo da ita, ta fi wadda muka saba tsada, kuma dillalan da muka tuntuɓa sai sun yi odar ta. Ra'ayina, in kaɗan za mu iya saye, a keɓe ta ga masu awo da asibitocin ƙauyen da ba su da injin juyawa. Sauran su ci gaba da kula.

Na kuma roƙi a zauna da likitocin mata kafin ta iso. Tun da muka fara sa kula a sashen awo suka lura matan da ke haura iyaka sun ƙaru, har ɗaya ya tambaya ko injinmu ne ya sami matsala. Da sabuwar kwalba za su ƙara ƙaruwa. Kowace ɗaya daga cikinsu tana buƙatar wanda zai zauna da ita ya yi mata bayanin tuwo da shinkafa da lemon kwalba, da yadda za ta riƙa gwada kanta, da ranar dawowa. Bai kamata mu miƙa wa mace takarda mai tsoratarwa mu bar ta da ita a bakin ƙofa ba.

Talata, 10 ga Yuni

An dawo daga hutun Babbar Sallah. Yawancin takardun cikin asibiti yanzu suna zuwa da lokacin ɗiba, na dare ne har yanzu da sauran rina a kaba. Mun daɗe muna jayayya a kan jinin da ya iso a makare ba a raba shi ba. Wasu sun ce a mayar da shi. Ni ban so haka ba, don mai jinin wataƙila ya riga ya hau mota ya koma ƙauyensu. Abin da aka tsaya a kai: a auna, in ya haura iyaka a saki, tun da gaskiyarsa ma ta fi haka. In ya gaza, a buga masa hatimin da muka sa aka sassaƙa, mai cewa jini ya daɗe kafin a raba shi, lambar tana iya gaza gaskiya, a sake ɗiba.

Ruwa ya fara sauka, nan da 'yan makonni hanyar ƙauyukan da ke hayin rafi za ta fara yankewa, ɗan acaɓa ba zai samu zuwa kullum ba. Takardar neman injin juyawa na biyu tana ofis, na hannu muka nema wanda ba ya buƙatar wuta. Sababbin ɗalibai suna zuwa ranar Litinin, kuma kafin su taɓa injin awo za su fara yin mako guda a sashen masu awo da kula. Jibi zan koma asibitin da muka kai wa inji, in duba littafinsu na lokacin ɗiba da lokacin juyawa, in kai musu kwalaben juye ruwan jini, nasu sun kusa ƙarewa.